Muhawara: Ƙungiyoyin mata da ɓangarorinsu, su wa ke kai mace kan kujera a Gombe da Bauchi?

Maman Iklima: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga tambaya, kuma don Allah a amsa da lissafi. A zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta shiga majalisar dokokin Gombe mai kujera 24, haka ta Bauchi mai kujera 31. A majalisar dattawa mata 4 ne cikin 109. Amma ƙungiyoyin mata kullum ƙaruwa suke yi, kowane wata da taron bita a otal. To ina aikin yake zirarewa? Ƙungiyoyin ne ba su da tasiri, ko kuwa rabuwar kan da ke tsakaninsu ce ke cinye tasirin?

Baba Sakatare: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a kama laifin kowa, a fara sanin inda ake yanke hukunci. Yawancin mata tun a zaɓen fid da gwani ake kayar da su, ba su ma kai ranar babban zaɓe ba, kuma shi fid da gwanin kansa an gama shi tun ranar da aka rubuta sunayen daliget.

Ku duba yadda aka yi a 2022. Dokar zaɓe ta wannan shekarar ta fitar da manyan da a da suke shiga da ƙarfin muƙaminsu, ta bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai. APC ta ɗauki biyar daga kowace gunduma, PDP uku. Gombe tana da gunduma 114. In kin raba su ga kujeru 24, kowace kujerar majalisar jiha tana da gunduma huɗu ko biyar a matsakaici. Wato a kujera mai gunduma biyar, a APC daliget 25 ke nan, a PDP 15. Mutum 13 sun isa su ba mace tikiti a jam'iyya ɗaya, 8 a ɗayar. Ƙungiyar da ta tara mata dubu biyu a fili, ta ɗinka musu anko, amma ba ta da mutum 8 a cikin wannan ɗakin, kallo ta zo yi.

Ƙa'idar kan canza daga zagaye zuwa zagaye, wani lokaci 'yar tinƙe, wani lokaci maslaha. Abin da ba ya canzawa shi ne wanda ke riƙe da rajistar gunduma da shugabanninta shi ke da magana.

Anti Saratu Kaltungo: Baba ya faɗi gaskiya, amma a ƙara da wannan. Kalmar "ƙungiyoyin mata" da muke ta faɗa, abubuwa daban-daban ne aka zuba a kwarya ɗaya.

Akwai na ofishin uwargidan gwamna. Wannan salo ya samo asali tun shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, Maryam Abacha ta biyo da nata, har zuwa Patience Jonathan. Su ne masu mota, masu atamfa, masu kunnen mai gida. Suna iya sa a naɗa mace kwamishina cikin mako guda. Sai dai ranar da gwamnati ta sauka, ginin yakan rushe da ita, domin a kan mutum aka kafa shi.

Akwai na addini. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, tana da makarantu da rassa har ƙananan hukumomi. A wajenmu nan Tangale da Waja kuma Zumuntar Mata ta majami'a ce, wadda babu ƙauyen da ba ta kai ba, tana da shugabanni da ma'aji da ranar taro tsayayya. Waɗannan su ne masu jama'a na gaske. Amma ba a kafa su don takara ba, kuma shugabanninsu suna gudun a ce sun zama 'yan amshin shatan wata jam'iyya, tunda mambobinsu suna ko'ina.

Sai masu rajin kare haƙƙin mata, irin su WRAPA da asusun tallafa wa mata na NWTF, da waɗanda ake kira 'yan feminis a Facebook. Suna da lauyoyi da alƙalami da hanyar masu ba da tallafi na waje. Gunduma ce ba su da ita.

Na ƙarshe reshen mata na jam'iyya, wato su shugabar mata daga gunduma har jiha. Su ke cikin ɗakin da Baba ya ambata, amma mafi yawansu wani namiji ne ya ajiye su a wurin.

Kowacce tana riƙe da abin da 'yar'uwarta take nema, kuma ba sa zama inuwa ɗaya.

Malam Habu Bajoga: Anti, ni dai ina ganin kashi na uku da kika lissafa su ne suke ɓata wa sauran miya. Ita kalmar feminis ɗin nan a kunnen mutumin Nafada ko Darazo ma'anarta mace mai raina aure da malamai. Da zarar abokin hamayya ya manna wa 'yar takara wannan sunan, sai ta koma kare kanta ta bar maganar ruwa da asibiti. Ƙudirin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi ai abin da ya kayar da shi ke nan a 2016, maganar gado da aure. Da ba a cusa su ba, da wataƙila ya wuce.

Barista Hauwa: Malam Habu, a kan sunan na yarda da kai, nauyi ne ga 'yar takara a nan. Amma a yi adalci, a duba aikin da ke rubuce.

Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Ta kwanta a takarda shekara da shekaru. Waɗannan ƙungiyoyin ne suka kai gwamnatin tarayya kotu, kuma ranar 6 ga Afrilun 2022 Mai Shari'a Donatus Okorowo na babbar kotun tarayya a Abuja ya yanke cewa wajibi ne a aiwatar. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda Bauchi ta amince da ita a 2020, su suka yi ta binta jiha jiha. Rangwamen kuɗin fom da jam'iyyu ke yi wa mata ma ba daga sama ya faɗo ba.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne da aka shigo da shi jiya. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, alhali na Kudu sun fara tun shekarun 1950. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan magana a ƙarƙashin NEPU, kuma sunayen da aka kira ta da su a lokacin sun fi feminis muni. Ƙungiyar rajin haƙƙin mata ta WIN ma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka haife ta a 1982. Duk macen da ta riƙe katin zaɓe a Kumo ko Azare yau tana cin gajiyar waɗanda aka zaga jiya.

Malam Habu Bajoga: Barista, hukuncin 2022 ɗin an aiwatar?

Barista Hauwa: Ba a kai kashi 35 ɗin ba, Malam. Hukunci daban, aiwatarwa daban. Amma yanzu akwai takardar da za a ɗaga a gaban gwamna.

Baba Sakatare: Tunda an tabo rangwamen fom, bari a warware shi, don mutane na ɗaukarsa babbar kyauta. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, majalisar wakilai miliyan 10, sanata miliyan 20, gwamna miliyan 50. Mace takan biya kuɗin nuna sha'awa kawai: dubu 500 na majalisar jiha, miliyan 1 na wakilai, miliyan 3 na sanata. Da kyau. Amma fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar.

Lissafa ranar zaɓe kaɗai. Gombe tana da rumfunan zaɓe 2,988. Raba su 24, kowace kujera ta tashi da kusan 125. Kowace rumfa tana son ejan, kuma mai hankali yakan ajiye biyu, domin ɗaya zai tafi salla ko cin abinci, ko a saye shi. A ce dubu goma-goma ne, ejan 250 sun ci miliyan biyu da rabi, ba a sa kuɗin mota ba, ba a sa na masu raka sakamako daga rumfa zuwa wurin tattarawa na gunduma ba. In ejan ɗinki bai karɓo kwafin takardar sakamakon rumfa ta EC8A mai sa hannu ba, ko an yi miki fashi ba ki da abin nuna wa kotu.

Sannan fom na kyauta yana da dafi. In an zo zaman maslaha, abin da ake fara ce wa mace shi ne, Hajiya ke ai ba ki yi asarar komai ba, wane ya zuba miliyan goma, ki yi haƙuri sai zagaye na gaba. Rangwamen sai ya koma sandar dukanta.

Barista Hauwa: A nan ne sanin doka ke da rana. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ba a yin maslaha sai duk wanda aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye da son ransa. Mutum ɗaya ya ƙi, dole a koma zaɓe. Saboda haka sa hannun mace yana da farashi, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a bayar da shi a kan alkawarin baki, da tsakar dare, babu shaida. In za a janye, a janye da sharaɗi: muƙami kaza, kujerun kansila kaza ga mata, a gaban shugaban jam'iyya na jiha, kuma da wakilan ƙungiya a zaune.

In kuma an yi maguɗi a fid da gwani, kwana 14 kacal tsarin mulki ya bayar a shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru. A nan ake cinye mata da yawa. Dattawa za su ce a bari a sasanta a cikin gida, kwamitin sulhu ya zauna, ya ɗage, ya sake ɗagewa. Rana ta 15 kotu ba ta da hurumi, ko da gaskiyarki ta kai girman dutsen Bima. Ƙungiyar da ke son taimakon 'yar takara ta tanadi lauya tun kafin ranar, ta tanadi kwafin jerin daliget, da wanda zai ɗauki hoton takardar sakamako, da buƙatar rahoton jami'an INEC da suka sa ido. A shigar da ƙara, sulhu ya ci gaba a gefe. Janye ƙara ba ya da wuya.

Misalin Adamawa ya isa. Aishatu Binani ta ci fid da gwanin gwamna na APC a Mayun 2022, ta doke Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow. Kotun tarayya a Yola ta soke, kotun ɗaukaka ƙara ta maido mata. Wadda ba ta da ƙarfin bin shari'a hawa biyu, da a nan tafiyarta ta tsaya.

Hajiya Uwani 'Yar Kasuwa: Ku yi haƙuri in shigo da maganar ɓangaranci tsirara, don na ga ana kewaye ta. Mata ba sa kayar da mace don ƙiyayya kawai, kamar yadda maza ke son faɗa. Tsarin ne ya sa su a layi ɗaya a kan kwano ɗaya.

A shugabannin jam'iyya na gunduma, kujerar da aka san ta mace ce ita ce shugabar mata. Ita ke raba atamfa da taliya da sabulu, ta hannunta kuɗin motar mata ke bi. Wanda ya ɗora ta kuwa ɗan majalisa ne mai ci ko ciyaman. Yanzu wata ta fito neman kujerar ɗan majalisar nan. Me kuke so shugabar mata ta yi? In ta bi 'yar'uwarta mace ta rasa ubangida, in macen ta ci kuma ita ta zama babbar mace a yankin, shugabar mata ta koma 'yar rakiya. Ta kowace fuska asara take gani. Don haka za ta rungume ki a gidan biki, ta kira ki 'yar'uwa rabin jiki, ranar fid da gwani ta jefa wa mai gidanta.

Maganinsa a yi mata lissafin da za ta ga riba. 'Yar takara mai wayo takan fara da ita tun kafin ta buga fasta: ta je gidanta da kanta, ba aike ba, ta bar rabon kaya a hannunta, ta faɗa mata abin da za ta samu in an ci. 'Yan boko sukan tsallake ta saboda ba ta jin Turanci, su kawo wata daga Abuja ta yi wa matan gunduma lacca. Daga ranar an yi baram-baram.

Maman Iklima: Hajiya, wannan ba sayen mutane ba ne kuwa da wani suna?

Hajiya Uwani 'Yar Kasuwa: 'Yar nan, siyasa ce. Maza ma haka suke ƙulla tasu, ba wanda ya kira shi saye.

Anti Saratu Kaltungo: Akwai wani rabuwar kan da ya fi wannan zurfi a kudancin Gombe da kudancin Bauchi, shi ne na addini da ƙabila. Abin lura, yankunan nan suna cikin waɗanda suka fi fitar da mata. Binta Bello ta wakilci Kaltungo da Shongom a majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2019. A Bauchi, Rifkatu Samson Danna ta fito daga Bogoro, Maryam Garba Bagel daga Dass. Amma in aka zo neman kujerar da ta haɗa ƙananan hukumomi da yawa, sai maganar karɓa-karɓa ta taso, wannan karon na ƙabila kaza ne, na addini kaza ne, kuma matan kowane ɓangare su bi nasu. Mace ba ta zuwa rumfa a matsayin mace kawai, tana zuwa da garinsu da majami'arta ko masallacinta da dangin mijinta.

Ga kuma matsalar asali. Wadda aka haifa a Billiri ta yi aure a Dukku, a gidan miji a ce baƙuwa ce, a gidan uba a ce ai ta tafi. Ɗaya daga cikin ƙudirorin mata na gyaran tsarin mulki a 2022 wannan ya so gyarawa, ya ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Shi ma bai tsira ba ranar da majalisa ta kaɗa ƙuri'a.

Dakta Ladidi: Bari in tsaya a kan wannan ranar, 1 ga Maris 2022, domin ta nuna iyakar ƙarfin kowane ɓangare. Ƙudirori biyar na mata aka kawo cikin gyaran tsarin mulki. Babbansu na kujeru 111 na musamman, 37 a dattawa, 74 a wakilai, wanda Nkeiruka Onyejeocha ta jagoranta. Aisha Buhari ta je majalisa da kanta lokacin da aka gabatar da rahoto, Dolapo Osinbajo, matar mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ta zauna a zauren ranar ƙuri'a. Ƙungiyoyin Abuja sun yi aikin jarida iyakar yi. Wato ɓangare biyu sun haɗu. Sakamako: a dattawa 30 suka amince, 58 suka ƙi. A wakilai 81 suka amince, 208 suka ƙi. Abin da ake buƙata kuwa kashi biyu cikin uku ne, sanata 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24.

Me ya ɓace? Ɗan majalisa ba ya tsoron uwargidan shugaban ƙasa a kan na'urar ƙuri'a, yana tsoron mazaɓarsa. Da ace kafin ranar matan Islamiyya da na zumunta da shugabannin mata na gundumominsa sun same shi a gida lokacin hutu, sun ce ga abin da muke so kuma za mu duba yadda ka jefa, da lissafinsa ya canza. Mata sun tare ƙofar majalisa kwanaki bayan an kayar, har majalisar wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki ranar 8 ga Maris. Matsin lamba yana aiki ke nan, sai dai ya zo bayan an sha ruwa.

Sabon ƙudirin da mataimakin kakaki Benjamin Kalu ya kawo a majalisa ta 10 ya rage: 37 a dattawa, 37 a wakilai, uku-uku a kowace majalisar jiha. Darasin da ke gabanmu a nan gida shi ne, duk gyaran tsarin mulki sai ya bi ta majalisun jihohi, kuma namu biyun maza ne zalla suka shiga a 2023.

Malam Habu Bajoga: Dakta, ko an ba da kujerun, wa zai hau? Ni ina ganin gwamna zai zauna da uwargida su rubuta sunaye uku, shi ke nan. 'Yar talakan da ta yi shekara ashirin tana yi wa jam'iyya wahala ba za ta ji ƙanshinsu ba. Kuma duk wadda ta nemi kujerar gama-gari za a ce mata ga taku can.

Dakta Ladidi: Tsoronka na biyu gaskiya ne, Malam, an ga alamarsa a Yuganda da Kenya, inda kujerar mace ta kowane yanki ta sa wasu ke kallon sauran kujerun a matsayin na maza. Kuma kujerar mace ɗaya ga jiha guda tana nufin yaƙin neman zaɓe a ƙananan hukumomi 20 na Bauchi, faɗin takarar gwamna ke nan. Wa ke da wannan kuɗin in ba wadda gwamnati ta goya ba?

Amma a lura da dalilin da ya sa ake maganar kujeru na musamman a nan. Senegal ta yi dokar raba daidai a 2010, mata suka haura kashi 40 a zaɓen 2012. Maƙwabtanmu Nijar sun sa kason kashi 10 a 2000, suka ɗaga zuwa 15, sannan 25 a 2019, kuma Hausawa ne Musulmi kamarmu a Maraɗi da Damagaram. Su a zaɓukan da suka yi jerin sunaye jam'iyya ke bayarwa, don haka ana iya mayar da jerin da bai cika ƙa'ida ba. Mu kujera ɗaya mutum ɗaya ne, ba inda za ka raba mutum ɗaya kashi 35. Ko dai a ƙara kujeru, ko a tilasta wa jam'iyya ta tsayar da mata a kaso kaza na mazaɓu. Na biyun ma yana da ramin kansa, domin jam'iyya za ta tura matan inda ta san ba ta ci.

Game da tsoronka na farko, ko namijin ma gwamna ke rubuta sunansa a yawancin wurare.

Baba Sakatare: Ku duba hanyar da waɗanda suka yi nasara a nan suka bi. Aishatu Jibril Dukku ta yi ƙaramar ministar ilimi a gwamnatin 'Yar'aduwa kafin ta ci Dukku da Nafada a 2015 da 2019. Binta Bello ta yi kwamishinar mata kafin ta tafi Abuja. Muƙamin naɗi ne ke ba mutum damar yi wa jama'a aiki, ya samar wa 'ya'yan wasu gurbi, ya san ciyamomin gunduma da sunansu. Daga nan tikiti ke zuwa. Shi ya sa nake ganin yaƙin kashi 35 na naɗe-naɗe ya fi kusa da hannu, tunda gwamna ne ke zaɓar waɗanda za a naɗa. Kwara ta mayar da shi doka a 2021. Kuma kada a raina kansila da mataimakin ciyaman, nan ne makarantar.

Sai dai a daina karɓar ma'aikatar mata kaɗai. Kasafinta ƙarami ne. A nemi ilimi, lafiya, ƙananan hukumomi, kuɗi. A cikin jam'iyya kuma a nemi sakatare da sakataren tsare-tsare, su ke riƙe da rajista da takardu.

Hajiya Uwani 'Yar Kasuwa: Maganar kuɗi kuma, muna da abin da ba mu amfani da shi. Babu unguwar da ba ta da uwar adashe. Mata dubu, kowacce zubin naira dubu a wata, miliyan ɗaya ke nan, shekara biyu miliyan 24. Ya isa fom da ejan da lauya na kujerar majalisar jiha, da canji. A Amurka akwai EMILY's List, asusun tallafa wa mata 'yan takara, da aka kafa a 1985 a kan wannan tunanin, kuɗin farko shi ke jawo na baya.

Inda yake lalacewa wuri uku ne. Ana fara tarawa wata biyu kafin zaɓe, lokacin an riga an raba daliget. Ana zuba kuɗin a asusun mutum ɗaya, sai zargi ya shigo. Mafi muni, ba a yanke tun farko wa za a mara wa baya ba, sai mata uku daga ƙungiya ɗaya su sayi fom na kujera ɗaya saboda ya yi arha, su raba daliget huɗun da suke da su. Wasu ma abokin hamayya ne ke saya musu fom ɗin a ɓoye. Dole ƙungiya ta yi nata fid da gwanin a cikin gida, da ƙa'ida a rubuce: shekara nawa kike jam'iyya, gunduma nawa za su tsaya miki, nawa kika tara da kanki. Asusu kuma masu sa hannu uku, daga ɓangarori daban-daban, a karanta lissafi duk wata.

Anti Saratu Kaltungo: A ƙara da tsaro a cikin kasafin. 'Yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi ba labari ba ne, kuma abin da aka yi wa Salome Abuh, shugabar matan PDP da aka ƙona a gidanta a Kogi a Nuwamban 2019, yana cikin zuciyar kowane miji da za a nemi izininsa. Taron ƙarfe ɗaya na dare ma shinge ne. Mace ɗaya in ta ce a dawo da shi la'asar za a yi mata dariya. In shugabannin mata na gundumomi goma suka ce ba za su fito da mata gangami ba sai an canza lokaci, za a canza.

Maman Iklima: To wa zai haɗa su? Uwargidan gwamna ba za ta zauna ƙarƙashin 'yar ƙungiya ba, Amira, shugabar ƙungiyar mata Musulmi, ba za ta so a gan ta da 'yan feminis ba.

Barista Hauwa: Ba sai sun zama ƙungiya ɗaya ba, Maman Iklima, nan ake faɗuwa, a wajen rabon shugabanci. A yarda a kan buƙata biyu ko uku kawai, kowa ya ja daga inda yake. Lauyoyi su rubuta takardar, malamai mata da na zumunta su kai ta gida-gida da harshen da ba zai tayar da ƙura ba, shugabannin mata su shigar da ita ɗakin jam'iyya. Maganar gado da aure a bar ta a wani zauren, Malam Habu ya huta.

Malam Habu Bajoga: Na huta, Barista. Amma sai na ga Amira da 'yar Facebook a tabarma ɗaya tukuna.

Baba Sakatare: Ku dai riƙe kalanda. Zaɓen shugabannin gunduma yakan riga fid da gwani da watanni, kuma kafin shi ake sabunta rajista. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistar mambobinta kwana 30 kafin fid da gwani. Wadda sunanta ba ya ciki, ko ta shekara goma tana guɗa a gangami, ba ta da ƙuri'a. Duk mai mata a hannunta ta tambaye su wannan makon su nawa ke da katin jam'iyya, ban da na zaɓe, ta kawo mana adadin gunduma gunduma.

Hajiya Uwani 'Yar Kasuwa: Baba, a haɗa da lambar katin. Wasu katunan suna aljihun kansila, masu su ba su taɓa ganinsu ba.